Daga Ruwan Bagaja Zuwa Littattafan Yaƙi: Yadda Masu Karatun Hausa Suka Auna Labaran Al'ajabi

Labaran al'ajabi, wato ƙagaggun labaran da ake gina su a kan abubuwan da suka saɓa wa al'ada, kamar aljanu da matsafa da dabbobi masu magana da biranen da ba a san inda suke a doron ƙasa ba, sun mamaye wani babban ɓangare na rubutun zube na Hausa tun daga lokacin da aka fara buga ƙagaggun littattafai da boko a farkon shekarun 1930. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan marubutan waɗannan littattafai da hukumomin da suka buga su, amma ba a cika waiwayar ɓangare na uku ba, wato masu karatu da masu sauraro, waɗanda hukuncinsu ne yake sa wani littafi ya zauna a bakin mutane shekaru tamanin, wani kuma ya ɓace kafin a ƙarasa sayar da bugunsa na farko. Wannan hukunci yana da nasa tarihin, domin ma'aunin da aka auna labari da shi a zauren malamai kafin zuwan boko ya bambanta da wanda ɗaliban makarantun midil suka yi amfani da shi, shi ma kuma ya bambanta da na matasan da suka riƙa hayar littattafai a shagunan unguwannin Kano a shekarun 1990.

Kafin a fara buga littafi, al'ummar Hausawa ta riga ta raba labari gida biyu, kuma ta ba kowane gida matsayinsa. A gefe guda akwai tatsuniya, labarin Gizo da Ƙoƙi da Dodo, wadda ake yi da dare bayan an ci tuwo, galibi daga bakin tsofaffin mata zuwa kunnen yara, kowa kuma ya san ƙirƙirarriya ce. A ɗaya gefen akwai abin da ake rubutawa, wato ilimin addini da tarihi da waƙoƙin wa'azi cikin Larabci ko ajami, wanda ake ɗauka a matsayin gaskiya da ya cancanci a ɓata masa tawada da takarda. Ma'aunin farko da aka auna labarin al'ajabi da shi ke nan: gaskiya ne ko ƙarya. Sai dai rabon bai kai tsaurin da ake zato ba, domin malaman da suke raina tatsuniya su ne kuma suke karanta Alfu Laila wa Laila, wanda aka fassara da sunan Dare Dubu da Ɗaya, suna kuma nazarin Maƙamatul Hariri, tarin hikayoyi hamsin na malamin Basra wanda ya rasu a 1122, saboda zurfin Larabcinsa. Abin lura a nan shi ne, malamai sun yarda da ƙagaggen labari muddin harshensa ya isa a koyi wani abu daga gare shi, kuma wannan sharaɗi na ingancin harshe ya biyo labarin Hausa har cikin zamanin boko.

Hukumar Fassara, wadda gwamnatin mulkin mallaka ta kafa a 1929, aka kuma mayar da ita Hukumar Talifi a Zariya a 1933 ƙarƙashin jagorancin Rupert East, ita ce ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai ta farko, domin makarantun boko sun fara yaye masu iya karatu alhali babu abin da za su karanta don nishaɗi. East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su shiga gasar, kuma a maƙalar da ya buga a mujallar Africa a 1936 ya bayyana wahalar da ya sha wajen shawo kansu, saboda suna ganin ƙaga labari aikin mata da yara ne wanda bai dace da mutumin da ake girmamawa ba. Littattafai biyar ne suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Yadda masu karatu suka karɓi waɗannan biyar ɗin shi ne gwaji na farko da tarihi ya ajiye game da ɗanɗanon Bahaushe mai karatun boko.

Shaihu Umar, wanda ya bi hanyar labarin da zai iya faruwa a zahiri, ya kuma yi magana a kan bauta da fataucin bayi ta hamada, ya sami daraja babba a wurin manazarta. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, an mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976, ga shi kuma matsayin marubucinsa na Firayim Ministan Nijeriya na farko ya ƙara masa kwarjini. Amma littafin da ya fi shiga hirar yau da kullum, wanda dattawa suke iya kawo wani yanki nasa da ka su yi dariya kamar jiya suka karanta shi, shi ne Ruwan Bagaja, wanda Imam ya rubuta yana da shekara 22 lokacin da yake koyarwa a makarantar midil ta Katsina. Ƙashin labarin ba wani sabon abu ba ne: saurayi ya bar gida don neman wani ruwa mai warkarwa da zai ceci ɗan sarki ya kuma wanke mijin uwarsa daga wulaƙancin da aka yi masa a fada, ya sha yawon duniya, daga ƙarshe aljanu suka taimaka masa ya samo ruwan. Irin wannan tafiya tana cikin tatsuniyoyin al'ummomi da yawa, sunan ruwan ma daga wata tatsuniyar Hausa aka ɗauko shi.

Abin da masu karatu suka riƙe daga littafin ya fi karkata ga Malam Zurƙe ɗan Muhamman fiye da aljanun da ke ƙarshensa. Zurƙe da Alhaji Imam, jarumin labarin, suna haɗuwa gari bayan gari, kowane yana shirya wa ɗan'uwansa gadar zare, wannan ya sa a ɗaure wancan, wancan ya sa a yi wa wannan dukan mahaukaci, ba tare da ƙiyayyar ta taɓa zama ta gaske ba. Imam da kansa ya faɗa a tarihin rayuwarsa, wanda Abdurrahman Mora ya tace aka buga a 1989, cewa ya kwaikwayi tsarin Maƙamatul Hariri ne, inda mai ba da labari, Harisu, yake ta cin karo da mayaudari mai fasahar baki, Abu Zaidi, a garuruwa daban-daban cikin kamanni daban-daban. Duk da haka babu mai karatun da yake jin Zurƙe a matsayin baƙo, domin maganarsa da rantsuwarsa da borin kunyarsa duk na mutumin da ake iya haɗuwa da shi ne a bakin kasuwa ko a zauren alƙali. Wannan shi ne abin da masu nazari suke kira salo, wato hanyar da marubuci ya bi wajen zaɓen kalmomi da jera jimloli da sarrafa karin magana don isar da saƙonsa, mai karatu na gama-gari kuwa yana kiransa da suna mafi sauƙi, ya ce littafin yana da daɗin Hausa.

Ganɗoki ya samu karɓuwa ta wata fuskar. Bello Kagara, wanda yayan Imam ne, daga baya kuma ya zama Walin Katsina, ya fara labarinsa da abin da ya faru da gaske, wato yaƙe-yaƙen da aka yi da Turawa a farkon ƙarni na 20 a zamanin Sarkin Sudan na Kwantagora Ibrahim Nagwamatse, sa'an nan ya fitar da jaruminsa daga tarihi ya kai shi ƙasashen gabas da duniyar aljanu tare da ɗansa Garba Gagare, kafin ya dawo da shi gida ya tarar da mulkin Turawa ya kafu. Mai neman tsari mai ɗaurewa zai ga littafin ya rabu biyu, kuma sulhun da jarumin ya yi da sabon zamani a ƙarshe ya zo da gaggawa. Masu karatun farko ba su damu da wannan ba, saboda da yawansu iyayensu sun ga waɗannan yaƙe-yaƙe da idonsu, abin da suke nema kuwa shi ne muryar namijin duniya mai kirari, wanda yake faɗar abin da takobinsa ya yi da irin harshen da maroƙa suke wasa sarakuna da shi. Kirari, wato jerin kalmomin kambamawa da ake yi wa mutum ko yake yi wa kansa, an yi shi ne don a furta da ƙarfi, kuma wannan yana nuna wani abu mai muhimmanci game da yadda aka karanta littattafan nan.

Masu iya karatun boko a Arewa a shekarun 1930 da 1940 kaɗan ne ƙwarai, don haka yawancin waɗanda suka san waɗannan labarai da kunne suka san su. Ɗalibi yana dawowa hutu da littafi, a taru a ƙofar gida ko a soro ya karanta a bayyane, malami kuma yana sa yara su karanta ɗaya bayan ɗaya a aji. Jimlar da ta yi nauyi a baka, ko zancen da bai yi kama da yadda mutane suke magana ba, nan take ake gane shi, domin mai karantawa zai yi tuntuɓe, masu sauraro kuma hankalinsu zai tafi wani wuri. Hukuncin da aka yanke wa littattafan farko hukuncin kunne ne, kuma marubutan da suka tsira su ne waɗanda suka rubuta abin da zai karantu a gaban jama'a ba tare da gargada ba.

Magana Jari Ce, wanda ya fito cikin littattafai uku tsakanin 1937 da 1939, shi ne ya kafa ma'aunin da aka ci gaba da auna sauran da shi. An ɗauko Imam daga Katsina zuwa Zariya a 1936 musamman don wannan aiki, aka tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya riƙa zaɓa yana sake ginawa, East kuma yana bin rubutun yana gyarawa suna tattaunawa. Ya ɗaure labaran da zaren wani aku mai hikima a fadar Sarki Abdurrahman, wanda a littafi na farko yake ba Musa ɗan sarki labarai dare bayan dare don ya hana shi fita ya faɗa tarkon Waziri maci amana, a na biyu yake gasar ba da labari da wani aku mai suna Haziƙ, a na uku kuma yake koyar da ɗansa Fasih. Dabarar aku mai hana fita da labari tsohuwa ce a adabin Indiya da Farisa, wasu labaran kuma an gano tushensu a Dare Dubu da Ɗaya da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamusawa da 'yan'uwan nan biyu masu suna Grimm suka tattara. Tsararraki da dama na masu karatu sun tashi ba su san da haka ba, suna ɗaukar labaran nasu ne na gado, kuma babu shaidar gwanintar Imam da ta wuce wannan, domin ya sauya wa labaran suna da sutura da abinci da sarauta da dalilin dariya har suka daina zama na aro.

Wajibi ne a tsaya a kan batun gyara, domin an cika mantawa da shi idan ana yabon littattafan da. Hausar da ake sha'awa a Magana Jari Ce ba daga baiwar mutum ɗaya kawai ta fito ba. Akwai hukuma mai albashi da ofis a bayanta, akwai edita mai bin kowane shafi, akwai masu duba kuskuren ɗab'i, akwai kuma lokaci, domin an sauke wa marubucin nauyin koyarwa na tsawon watanni don ya zauna ya rubuta. Bayan haka kuma akwai makaranta, wadda ta ɗauki littattafan ta sa su a manhaja, ta tabbatar da cewa kowace shekara sababbin yara za su karanta su, kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, daga baya kuma kamfanin NNPC na Zariya da aka kafa a 1966, suka ci gaba da sake buga su. Idan dattijo ya ce ba a ƙara rubuta littafi kamar Ruwan Bagaja ba, yana faɗar gaskiya game da ingancinsa, amma yana kuma faɗar wani abu game da shekarun da ya fara karanta shi, da malamin da ya karanta masa shi, da kasancewar a lokacin littattafan Hausa ba su da yawan da za su yi masa gasa a zuciya.

A shekarun 1950, lokacin gangamin Yaƙi da Jahilci da hukumar adabi ta NORLA wadda ta rushe a 1959, an ƙara samun littattafai irin su Da'u Fataken Dare na Tanko Zango da Sihirtaccen Gari na Ahmadu Katsina, amma wanda ya fi zama a ƙwaƙwalwar masu karatu shi ne Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Tushensa labarin jarumin Rashawa ne, Iliya Muromets, wanda ya tashi gurgu har wasu baƙi suka warkar da shi suka ba shi ƙarfi, sunayen Sarki Waldima da birnin Kib ma suna nuni ga Vladimir da Kiev. Hausar Ingawa ba ta kai ta Imam yalwar barkwanci ba, amma littafin yana da abin da yaro ba ya mantawa: jarumin da ya fara rayuwa cikin rauni, doki mai suna Ƙwalele, sarkin da ya saka wa mai yi masa hidima da sharri, da ƙarshe mai sanya jiki ya yi sanyi, inda jarumin ya zama dutse. Wannan ya nuna cewa daɗin harshe ba shi kaɗai ne yake sa littafi ya dawwama ba, domin tauraro, wato mutumin da labari ya ginu a kansa, idan aka yi masa siffa mai kaifi aka kuma ba shi ƙarshe mai nauyi, yana iya riƙe littafi ko da harshen matsakaici ne. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Kilba ya yi tafiya sararin samaniya tare da wani baƙon halitta, Kolin Koliyo, a daidai shekarar da Amurkawa suka sauka a duniyar wata, abin da ya nuna cewa masu karatun Hausa a shirye suke su karɓi al'ajabin kimiyya kamar yadda suka karɓi na aljanu.

Daga ƙarshen shekarun 1970 ma'aunin ya fara sauyawa, saboda nazarin Hausa ya kafu a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato, aka samu wani sabon rukuni na masu karatu waɗanda karatun sana'arsu ce. Su ne suka daidaita kalmomin da ake amfani da su har yau, kamar jigo, wato babban saƙon da labari yake ɗauke da shi, da zubi da tsari, wato yadda aka jera aukuwar abubuwa aka ƙulla su. Da yawa daga cikinsu sun fi son labarin da yake fuskantar matsalolin al'umma kai tsaye, kamar Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ko Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, suna ganin dogaro da aljanu alama ce ta adabin da bai gama girma ba. Duk da haka aljanun ba su tafi ba. Cikin littattafai uku da NNPC ta buga a 1980 bayan gasar da ta shirya, Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta labarin gwagwarmaya da aljanu ne, So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ma, wanda ake lissafa shi a matsayin ƙagaggen littafi na farko da mace ta buga da Hausa, duk da cewa labarin soyayya ne a rugar Fulani, akwai aljana a cikinsa. Ga mafi yawan masu karatu, aljani halitta ce da addini ya tabbatar da samuwarta, don haka shigarsa labari ba ta mayar da labarin abin da hankali zai ƙi, kuma wannan ya bambanta matsayin irin waɗannan labarai a ƙasar Hausa da matsayinsu a Turai.

Babban sauyi ya zo ne a tsakiyar shekarun 1980. Shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 ya samar da ɗimbin matasa masu iya karanta Hausa, a daidai lokacin da tattalin arzikin Nijeriya ya karye, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka janye daga buga ƙagaggun labarai. Sai matasa suka fara buga littattafansu da kuɗinsu a ƙananan maɗaba'u, suna kai wa 'yan kasuwa a Kano, daga nan su bazu zuwa sauran garuruwan Arewa har Maraɗi da Damagaram. An fi sanin wannan zamani da littattafan soyayya, irin su Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da rubuce-rubucen Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, amma a gefensu wani reshe ya tsiro wanda masu karatu suka sa wa suna littattafan yaƙi, wato dogayen labaran sadaukai da matsafa da sarakunan aljanu da takubban sihiri, waɗanda galibi ake kafa su a wani daɗaɗɗen zamani a wasu ƙasashe masu sunaye irin na Larabawa, inda jarumi mai imani yake karawa da masu bautar gumaka. Abdul'aziz Sani Madakin Gini yana cikin waɗanda suka fi shahara a wannan fanni, Nazir Adam Salih kuma ya yi suna da labaran ban tsoro da al'ajabi irin su Kibiyar Ajali. Jinin Ganɗoki da Iliya da hikayoyin Larabawa irin na Saifu ɗan Ziyazan yana gudana a cikin waɗannan littattafai a fili.

A nan ne mai karatu ya samu ikon da bai taɓa samu ba. Ana fitar da labari kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, kuma idan na ɗaya bai karɓu ba ɗan kasuwa ba zai sa kuɗinsa a na biyu ba. Mai shagon haya, inda ake biyan kuɗi kaɗan a ɗauki littafi na kwana ɗaya ko biyu, ya san wanda ake layi a kansa da wanda ƙura ta rufe, marubuta kuma suna sa adireshinsu a bango, daga baya lambar waya, masu karatu suna aiko da yabo da ƙorafi, wani lokaci har da buƙatar kada a kashe wani tauraro. Kalmomin da wannan rukuni yake auna littafi da su nasa ne: a ce labari yana da jan hankali, ko ya yi ma'ana, ko marubucin ya iya tsara faɗa, ko kuma a ce ya cika ja da nisa don kawai ya ƙara yawan kashi. Wannan suka ta ƙarshe tana da tushe, domin tsarin kasuwar yana saka wa mai tsawaitawa, har ta kai wasu labaran ana maimaita yaƙi iri ɗaya sau da yawa, ana ƙara wa maƙiyi yawan dakaru da girman jiki a maimakon a ƙara wa labarin zurfi.

Muhawarar da ta ɓarke a jaridu da mujallu a shekarun 1990 ta fito da saɓanin a sarari. Ibrahim Malumfashi, wanda ya yaɗa laƙabin Adabin Kasuwar Kano yana kwatanta shi da ƙananan littattafan kasuwar Onica, ya soki raunin harshe da rashin bin ƙa'idojin rubutu da kwaikwayon finafinan Indiya, yana ganin abin yayi ne da zai wuce. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu sun kare marubutan, suna cewa sun sa dubban matasa, musamman mata, karatu da harshensu a lokacin da babu wata hukuma da ta damu da hakan, Ibrahim Sheme kuma ya buɗe wa ɓangarorin biyu shafukan adabi na jaridun da ya yi aiki da su. Wani abu mai amfani da muhawarar ta haifar shi ne komawa ga littattafan farko da idon bincike, domin da aka zargi sababbin marubuta da aro daga waje, sai aka tuna cewa Imam ma ya yi aro, Malumfashi da kansa kuma ya bi diddigin tushen labaran Imam a bincikensa. Tambayar sai ta tashi daga ko an yi aro, ta koma ga yadda aka sarrafa abin da aka aro, wadda ita ce tambayar da ta fi dacewa tun farko.

Masu sukar suna da gaskiya a kan abin da ido yake gani: haɗe kalmomin da ya kamata a raba, rashin bambanta baƙaƙe masu ƙugiya da marasa ita, shafukan da babu sakin layi, da labarin da yake mance abin da ya faɗa a kashi na baya. Inda hukuncin ya yi tsauri fiye da kima shi ne wajen ɗora littafin da saurayi ya rubuta da daddare bayan ya taso daga kasuwa, ya kai maɗaba'a ba tare da kowa ya duba masa ba, a kan sikeli ɗaya da littafin da hukuma ta ɗauki nauyinsa, edita ya tace shi, aka kuma yi ta gyara shi a bugu bayan bugu. Yawancin abin da ake kira raunin marubutan kasuwa raunin rashin edita ne, kuma a cikinsu akwai masu kunnen Hausa na gaske, waɗanda suka iya kirarin sadaukai da zancen fada da siffanta fargaba, da sun sami wanda zai zauna da su kamar yadda East ya zauna da Imam da an ga bambanci. Ana iya ganin alamar haka a yadda littattafan yaƙi suka sami sabuwar rayuwa da aka fara karanta su a gidajen rediyo, daga baya kuma a YouTube da wayoyin hannu, inda kuskuren rubutu yake ɓacewa a bakin mai karantawa, ƙarfin labarin da na harshen kawai suke isa ga mai sauraro, direba ne ko tela ko matar aure a cikin gida.

Akwai kuma ma'aunin tarbiyya, wanda bai taɓa barin fagen ba tun zamanin zaure. Littattafan soyayya ne suka fi shan wannan suka, musamman a Kano bayan kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a 2001 da kuma takaddamar da ta yi tsanani tsakaninta da marubuta daga 2007, amma littattafan yaƙi ma an tuhume su da cika zukatan yara da tsafi da zubar da jini, abin da ya sa marubutansu suke ƙoƙarin nuna cewa a ƙarshe addu'a ce take karya sihiri, mai gaskiya kuma shi yake rinjaye.

Matsalar da take fuskantar mai son rubuta cikakken tarihin wannan ɗanɗano ita ce ta adana. Littattafan gasar farko suna nan a kasuwa saboda jarrabawa tana buƙatarsu, amma dubban littattafan da aka buga a Kano daga tsakiyar shekarun 1980 an yi su ne da takarda mai araha, suka yi ta yawo hannu zuwa hannu har suka yage, kuma ba safai ake sake buga su ba bayan bugun farko ya ƙare. Ɗaya daga cikin manyan tarin da aka yi musu yana Landan ne, a makarantar SOAS, inda Graham Furniss da Malami Buba da abokan aikinsu suka tattara su suka yi musu kundin sunaye, wasiƙun da masu karatu suka aika wa marubuta kuwa, waɗanda su ne shaida mafi kusa a kan abin da ya burge su da abin da ya gundure su, suna warwatse a hannun marubutan da iyalansu.